Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙananan Hukumomin Najeriya



A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Mun yi murna, amma fatanmu kada a gudu ba a tsira ba.

Kuɗin nan amanar talaka ce. Duk wata ku manna lissafin abin da ya shigo da inda ya tafi a ƙofar sakatariya, da Hausar da kowa zai karanta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kwana 7 ta ba hukuma ta amsa wa mai tambaya. Mai gaskiya ba ya tsoron bincike.

Ku rage harajin barkatai a kasuwanni. Mai shayi da mai kayan miya sun fi ku sanin amfanin guminsu.

Kuma in yaro ya soke ku a Facebook, ku ba shi amsa, kada ku tura masa 'yan sanda. Sashe na 39 na kundin tsarin mulki ya ba shi 'yancin magana. Ku tuna, kujera aro ce.

Wassalam,
Ɗan ƙasa mai biyan haraji