Ruwa ne ya kashe su, ko mai gida?

Kowace shekara, da damina ta yi tsakiya, sai hukuma ta fito da lissafi: gidaje kaza sun rushe, mutum kaza sun riga mu gidan gaskiya. A daminar 2024 kusan mutum 400 suka rasu a Nijar, sama da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Wasu ruwa ya tafi da su, da yawa kuwa gini ne ya danne su. A Damagaram ko tsohon masallacin Birni bai tsira ba. Aka yi ta'aziyya, aka raba shinkafa, aka ce ƙaddara ce.

Mun yarda da ƙaddara. Amma ginin ƙasa ba ya faɗuwa bai yi gargaɗi ba. Bango kan tsage tun da rani, gindinsa ya zaizaye, gara ta ci azara, indararo ya karye ruwa ya riƙa bin jikin gini. Duk magini ya san maganin wannan: yaɓe kafin ruwan farko. Wanda ke kwana a ɗakin kansa ba ya jira a tuna masa. Abin tambaya shi ne ɗakin da mai shi ke kwana a wata unguwa, cikin siminti, ba ya leƙo shi sai ƙarshen wata, shi ma ta hannun dillali.

Ɗan haya ya ga tsaguwar, ya kai kuka, an ce masa ya yi haƙuri sai bayan damina. In ya matsa, amsar guda ce daga Yamai har Maraɗi: ga ƙofa nan, akwai masu jira. Ina za shi? Mafi ƙarancin albashi jika 42 ne tun Janairun 2024, kuma mai turin baro da mai tallan ƙosai ko wannan ba su da tabbacinsa. Sabon ɗaki sai da kuɗin watanni a gaba, ga na dillali. Sai ya jawo tabarmar yara nesa da bangon, ya kwana yana sauraren hadari.

Ba doka muka rasa ba. Tun 1996 aka yi dokar hayar gidaje, kuma a shari'a manyan gyare-gyare suna wuyan mai gida ne. Sai dai yawancin hayar talaka da baki ake ƙulla ta, babu takarda, wani lokaci ko rasit babu. Da me zai tsaya gaban alƙali?

Kada mu yi ta waige-waige muna neman masu laifi. Su wane ne masu gidajen haya a garuruwanmu? Ɗan kasuwa ne da ya zuba ribarsa a ƙasa, da ma'aikaci mai tanadin ranar barin aiki, wato da yawa daga cikin masu karanta wannan jarida. Neman halaliya ne, ba mu ƙi ba. Amma wanda ya karɓi hayar wata 12 ya ce kuɗin yaɓe sun gagare shi, hankalin jama'a ya raina.

Mu dai a ganinmu, kamata ya yi ma'aikatar magajin gari ta fita da masu unguwanni tun watan Afrilu, su duba gidajen haya ɗaya bayan ɗaya. Ɗakin da ke da haɗari a ba mai shi wa'adi a rubuce. In ya ƙi, a yarje wa ɗan haya ya gyara ya cire daga kuɗin haya. Kuma duk inda gini ya kashe mutum, kafin a sauke buhun shinkafa, a tambayi maƙwabta sau nawa mamacin ya kai kukan bangon, da kuma wanda ya kai wa.