Yekini da Yabon Bayan Rai

Duk ranar 4 ga Mayu, masoya ƙwallo kan cika Facebook da hoton Rashidi Yekini, Allah ya jiƙansa, ya cakumi raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya a 1994. Ita ce ƙwallo ta farko da Nijeriya ta taɓa ci a gasar kofin duniya. Yabon kuwa ya dace da shi: ɗan Kaduna da ya fara taka leda a ƙungiyar masaƙar UNTL, ya zama gwarzon Afirka na 1993, ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 37.

To amma ina masu yabon suke a shekarunsa na ƙarshe a Ibadan, sa'ad da ya keɓe kansa har ya rasu a 2012 yana ɗan shekara 48? Gidajen da gwamnati ta alkawarta wa 'yan wasan da suka ɗauko kofin Afirka a Tunisiya, sai a 2021 aka amince a ba yawancinsu. Yekini ya shekara tara a kabari.

'Yan'uwa malamai, mun san irin wannan labari. Abokan aikinmu nawa suka ajiye alli, suka yi ta zarya a kan giratuti har ajali ya riske su, sannan a cika zauren makoki ana cewa "ai shi ya koyar da mu"? Shawarata ita ce reshenmu ya tattara sunayen tsofaffin malaman da ke jiran haƙƙinsu, a miƙa wa hukumar fansho, a kuma naɗa wakilai biyu su riƙa duba marasa lafiya daga cikinsu kowane wata.