Sauyin Shugabanci a Hukumomin Lafiya: Hanyar Gagarawa zuwa Gumel Ita Ce Ma'auni

Tun da Malam Umar Namadi ya karɓi ragamar Jigawa a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka shiga naɗa sababbin shugabanni a ma'aikatar lafiya da hukumomin da ke ƙarƙashinta, kowa kuma ya zo da alƙawarin gyara. Muna yi musu fatan Allah Ya taya su riƙo. Sai dai mutanen ƙasar Gumel sun ga sauyi irin wannan ba sau ɗaya ba, don haka suna da hakkin tambayar abin da zai canja a wannan karon.

A 2007, zamanin Alhaji Sule Lamido, aka kafa tsarin Gunduma, aka raba jihar gida tara, Gumel na ɗaya daga ciki. Hikimar tsarin ita ce an haɗa ƙananan asibitocin karkara da manyan asibitoci a hannun hukuma guda, ta yadda mai kula da ɗakin shan magani na ƙauye da mai kula da babban asibiti suke amsa wa shugaba ɗaya. Da gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta zo, sai aka maye gurbinsa da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, daidai da tsarin da tarayya ke so. Wannan ma da hujjarsa, domin ta irin wannan hukuma ce kuɗin asusun lafiya na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ke isa mazaɓu, asusun da doka ta ce kada ya gaza kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Gwamna mai ci ba baƙo ba ne ga wannan tarihi, shi ne mataimakin gwamna daga 2019.

To amma rabuwar ta bar giɓi, kuma giɓin nan ne damuwarmu. A ɗauki mace mai naƙuda a wani ƙauyen Gagarawa cikin dare, jini ya ɓalle mata. Ungozomar asibitin mazaɓa, idan an same ta, za ta yi iya ƙoƙarinta, sannan ta ce a wuce Gumel, inda ake ƙarin jini da tiyata. Daga wannan lokaci har zuwa ƙofar babban asibiti, alhakin matar nan a wuyan wa yake? Wa zai kawo mota, wa zai zuba mai, wa zai buga waya a tanadi jini kafin ta iso? Asibitin da ya sallame ta na wata hukuma ne, wanda zai karɓe ta na wata. Zubar jini bayan haihuwa kuwa na iya ɗaukar rai cikin sa'o'i biyu. Haka lamarin yake ga mutanen Sule Tankarkar da na Maigatari, waɗanda har maƙwabtanmu na Nijar ke tsallakowa su raba gadon asibiti da su.

Ba mu ce a dawo da Gunduma ba. Rushe tsari duk lokacin da aka sauya gwamnati shi ma cuta ce, ma'aikata kan ɓata shekaru suna koyon sababbin ofisoshi da takardu. Abin da muke nema ƙarami ne: a sami jami'i guda, sananne da suna da lambar waya, mai alhakin tura marasa lafiya a ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, a liƙa lambar a bangon kowane asibitin mazaɓa. A kuma riƙa bayyana wa jama'a yawan matan da aka tura da yawan waɗanda suka isa da rai. Fentin gini da yanka kyalle suna da daɗin gani, amma ba su amsa wannan tambaya.

Sai batun ma'aikata. Wanda aka tura karkara ya koma Dutse neman ɗan'uwa ya sauya masa wuri, ya ci amana, wanda ya sa hannu ma ya ci. Amma a yi adalci: ba a tsare ungozoma a ƙauyen da babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu wutar da za ta karɓi haihuwa da ita.

Mu ma magidanta akwai namu. Sau da yawa jinkirin farko a gida yake faruwa, ana jiran izinin maigida da ya tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Ya kamata limamai su faɗa a fili cewa miji ya bar izini tun kafin watan haihuwa ya kama, a kuma san direban da za a tasa ko da tsakar dare. Ɗalibanmu masu karatun lafiya kuwa, su nemi kujera a kwamitin ci-gaban mazaɓarsu, domin a nan ake sa ido kan kuɗin da ke shigowa asibitin unguwa da yadda ake kashe su.