Takarda ko salula: da wace za a tambayi lafiyar ƴan kasuwar iyaka?

 Yau zancenmu a kan masu zuwa gida gida suna tambayar yara nawa gare ka, wa ya yi masassara, an yi wa jariri rigakafi ko ba a yi ba. Da dama daga cikinmu na ɗaukar su masu ɓata lokaci. To amma da amsoshin nan ake lissafin gidajen sauro, da maganin rigakafin zazzaɓin damina na yara ƴan ƙasa da shekara 5, da yawan ma'aikatan da za a turo likita. Wanda ba a ƙirga ba, ba a yin kaso da shi.

Manyan binciken lafiyar iyali da aka yi a Nijar a 1992 da 1998 da 2006, da takarda da biro aka yi su. Takarda ba ta son caji, ba ta neman rezo, kuma mai gida yana ganin abin da ake rubutawa. Aibinta kuwa sananne ne: sai an ɗaure ta dami dami an kai Yamai, wasu su zauna su sake kwafe ta cikin kwamfuta, inda 1 kan koma 7. Ruwa ya jiƙa, gara ta ci, watanni su wuce. Ga kuma ma'aikaci marar tsoron Allah da zai zauna gindin bedi ya cike takarda 20 da ka, bai taka ƙofar kowa ba.

Daga 2008 aka samu manhajoji irin su ODK, sai kuma KoboToolbox, da ke sa tambayoyi cikin salula ko ƙaramar kwamfutar hannu. Nan na'ura ta yi wa takarda nisa. In an ce mace ƴar shekara 15 tana da ɗa ɗan shekara 12, ba za ta karɓa ba. Tana riƙe sa'ar da aka fara hira da wurin da aka yi ta, saboda haka mai gindin bedi asirinsa ya tonu. Kuma ko babu rezo ana iya cikewa, a aika daga baya. Najeriya da irin wannan ta yi babban bincikenta na 2018. Ku tuna amai da gudawar da ta ɓulla yankin Madarumfa a 2018, tsakanin mutanen da ke kai da kawowa da Jibiya. A irin wannan hali, labarin da ya iso bayan sati uku bai da sauran amfani.

Sai dai fa akwai abu biyu da ake haɗawa, alhali ba ɗaya ba ne. Ma'aikaci ya zo da na'ura ya tambaye ka baki da baki, wannan daban. A turo maka saƙo ta WhatsApp a ce ka latsa ka cike da kanka ta intanet, wannan ma daban. Na biyun ne masu ba da kuɗin bincike suka fi so, don babu kuɗin mai, babu na masauki. Kuma shi ne nake tsoro.

Wa zai cike? Wanda ya yi lakwal, mai babbar waya, mai kuɗin sayen megabit. Mai sayar da albasa da karatunsa na allo ne, ya iya ajami sarai amma bai iya Faransanci ba, ya fita lissafi. Matar da wayar gidan ke aljihun mijinta, shi kuma yana Kano wajen sari, ita ma ta fita, ga shi yawancin tambayoyin kan ciki da haihuwa da shayarwa ne. Mu na bakin iyaka ma namu ya fi: kati biyu ko uku cikin waya, yau layin Nijar gobe na Najeriya, mutum ɗaya a ƙirga shi sau biyu ko a rasa shi gaba ɗaya. Daga ƙarshe a fito da alƙaluma masu kyan gani da ke cewa garinmu lafiya lau, don marasa lafiyar ba su da waya. A 2023 da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki, cajin waya kansa sai da ya zama aiki.

Ban ce cikewa da kanka bai da amfani ba. Akwai cututtukan da dattijo ba zai faɗa wa yaro sa'an ɗansa ba, ko da yaron ya zo da takardar hukuma. Tsakaninsa da wayarsa kuwa yana iya faɗin gaskiya. Amma ɗan kasuwar da ƴan damfara suka sha turo wa saƙon cin kyauta, yaya zai bambance na hukumar lafiya da nasu? Mun ga abin da rashin yarda ya jawo a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, cutar ta tsallaka ƙasashen maƙwabta.

Ra'ayina shi ne a bar na'ura a hannun ma'aikaci, ɗan yankin da ke jin Hausarmu, mace ta tambayi mata, da takarda a jaka saboda ranar da batir ya mutu. A riƙa biyo mu ranar kasuwa ta hannun sarkin kasuwa da shugabannin ƴan tasha, tun da wanda ke kwana kan hanya ba a samunsa gida da hantsi. Ku kuma, in sun zo, kuna da hakkin neman ganin katin aikinsu, ku tambayi wace hukuma ta aiko su, da inda za a adana sunanku da lambarku. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai, Najeriya kuma ta yi tata dokar a 2023.