A Duba Halin 'Yan Ci-ranin Mandouri

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini domin in kai kukan samarinmu na Mandouri, a gundumar Kpendjal ta arewacin Togo.

Tun harin Sanloaga na Nuwamba 2021 da dokar ta-ɓacin da aka kafa a yankin Savanes a Yunin 2022, gonakin bakin iyaka da dama sun gagara nomuwa. Samari sai bin hanyar Dapaong da Sokodé suke yi, su tsallaka zuwa gonakin Najeriya. Dillali ke kai su bisa alkawarin babur bayan kaka, ba takarda, ba shaida. Ɗan ƙanena ya kwashe damina guda yana ƙodago, ya dawo da zazzaɓi, babu babur, ko kuɗin mota sai da aka ranta masa. Wa zai kai ƙara, kuma a ina?

Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta buɗe musu iyaka, amma haƙƙin guminsu ba mai tsare shi. Ina roƙon hukumar samar da aikin yi ta ANPE ta yi wa dillalan nan rajista a Dapaong, a kuma wajabta rubuta lada a gaban mai gari da iyaye kafin yaro ya hau mota.

Naka mai karatu,
daga Mandouri