Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Kamfanin NNPC

Ranka ya daɗe,

Mutanen Rido, maƙwabtan matatar man Kaduna tun da aka buɗe ta a 1980, suna da koke.

A Fabrairun 2023 kamfaninku ya ba Daewoo na Koriya ta Kudu kwangilar gyaran matatar kan kusan dala miliyan 741, da wa'adin wata 21. Wa'adi ya cika ya wuce. Kowa ya san tsohuwar na'ura sai an kwance ta ake ganin ainihin ciwonta, sai ɗan kwangila ya nemi sauya injin, ƙarin kuɗi ko ƙarin lokaci. Wannan ba laifi ba ne. Amma wa ke neman canjin, wa ke sa hannu, nawa ya ci? Wanda katangar matatar ke bayan gidansa ba ya jin komai sai jita-jita a tashar Mararraban Rido.

Dukiyar ta al'umma ce, amana ce a hannunku. Mutanen Rido suna roƙon a riƙa bayyana kowane canji a rubuce, da farashinsa da sabon wa'adinsa. Wanda kuma ya shafi hayaƙi ko ruwan da matatar ke zubarwa, a zauna da masu unguwanni kafin a amince da shi.

Wassalam,
A madadin mazauna Rido, ƙaramar hukumar Chikun