Likitan da zai fara duba karayar ɗanka, me aka koya masa?



Idan babur ya karya wa ɗanka ƙafa da tsakar dare, Allah Ya kiyaye, da wuya ka tarar da babban likitan ƙashi a asibiti. Wanda zai tarbe ku matashin likita ne mai neman ƙwarewa a tiyata, shi ke kwana a ɗakin taimakon gaggawa, ko a Igbobi ta Legas ne, ko Inugu, ko Dala ta Kano. Abin da ya yi a sa'o'in farko yakan yanke wa ƙafar hukunci. Shi ya sa batun sabunta kwas ɗin karaya da ake ba irinsu ya shafe ka.

A 1958 wasu likitocin ƙasar Suwizalan suka kafa ƙungiyar AO, a 1960 suka fara kwas a garin Davos, kuma har yau tsarinsu ake bi a ƙasashe da dama. Ƙa'idoji huɗu suka kafa: a mayar da ƙashi mazauninsa, a riƙe shi da kyau, a kiyaye hanyoyin jininsa, a sa majinyaci motsa gaɓar da wuri. A da, likita kan buɗe wurin sosai ya jera kowane ɓallin ƙashi ya ɗaure tamau da ƙarfe. Daga baya aka lura cewa yawan tonon yana raba ƙashi da jininsa, ɗorin ya ƙi kamawa. Yanzu a karayar tsakiyar cinya ko ƙwauri an fi son a zura sandar ƙarfe ta cikin ƙashin, a bar ɓallayen cikin namansu su haɗe da kansu. Likitan da ya tsaya a tsohon darasi zai cuci majinyaci alhali yana ganin gyara yake yi.

Sai dai a ganina, kwas ɗin da aka kwafo daga Turai bai wadatar da mu ba. Can majinyaci yakan isa asibiti a ranar da ya karye. Nan sai an fara zuwa wurin mai ɗori, a dawo bayan mako uku da hannu a kumbure, wani lokaci yatsu sun yi baƙi. Dole darasi ya koya wa likita yadda zai gane gaɓar da jini ya daina isa gare ta, da yadda zai yi wa iyaye bayani ba tare da gori ba, don gorin ne ke mayar da mutane inda suka fito. Ya kuma koya masa naɗa filasta, wadda muke kira siminti, tunda yawancin karayar yara da ita ake gamawa. Akwai kuma sandar SIGN, wadda aka ƙera domin asibitocin da ba su da na'urar ɗaukar hoto a ɗakin tiyata. Ta cancanci gurbi a darasin.

Kai ma da naka aikin. Idan ƙashi ya huda fata, rufe wurin da tsumma mai tsabta ku nufi asibiti kai tsaye, domin ana son a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin sa'ar farko, a yi allurar tetanus, a wanke ciwon a ɗakin tiyata. Kada a zuba toka ko garin magani. Idan kuma an riga an ɗaure, da karare ne ko da siminti, yaro ya kwana yana kukan zafin da magani bai kwantar ba, yatsu suka yi sanyi ko suka daina jin taɓi, kada ka yarda a ce maka ɗori ne ke kamawa. A sassauta ɗaurin, ku kai shi asibiti a daren, domin naman da ya rasa jini na kimanin sa'a shida yakan fara mutuwa.